Ranar da Uwar Tsaki Ta Ajiye Katinta

Akwai wata mata da ke aiki a wani kamfani mai ƙyanƙyasar kaji. Direbobin kamfanin ne suka laƙaba mata suna Uwar Tsaki. Sunan ya bi ta, har ta kai wasu abokan aikinta sai sun duba takarda kafin su tuna sunanta na gaskiya.

Aikinta shi ne tsara fitar 'yan tsaki. Ita ta san wace mota za ta ɗauki kwali nawa, wane mai kiwo ne zai karɓa, kuma a wace mararraba zai tsaya jira.

Ɗan tsakin da ya kwana ɗaya a duniya ba ya jure zafi. Idan mota ba ta tashi ba kafin rana ta ɗaga, ko ta lalace a hanya fankar da ke ba su iska ta tsaya, to sai dai a buɗe kwali a tarar da gawa.

Shekara huɗu tana wannan aiki daga gida. Da ta idar da sallar asuba sai ta buɗe kwamfuta a kan ƙaramin teburin falonta, ta maƙala wayar aiki a kunne, ta shiga kiran direbobi ɗaya bayan ɗaya. Kafin ƙarfe bakwai motoci sun kama hanya. Kafin azahar ta ji daga bakin kowane mai kiwo cewa kayansa sun iso da rai.

Mahaifinta yana zaune a wurinta. Tsohon tela ne, tsufa ya fara taɓa masa tunani. Yau ya gane kowa, gobe ya tambayi ina matarsa ta shiga, alhali ta shekara tara da rasuwa. Mijinta malamin makaranta ne, da sassafe yake fita tare da yara, sai a bar ta ita da Baba.

Baba yakan zauna a kujerar da ke gefen teburin yana ninke tsummoki, yana jin tana faɗa da direbobi. Sai ya ce, "Uwata, ki bi su a hankali. Maza ba sa son tsawa da safe."

Ita kuma ta rufe bakin wayar ta ce, "Baba, waɗannan in ba a yi musu tsawa ba, shayi za su tsaya sha."

Haka ake tafiya har Hajiya mai kamfanin ta ji jikinta ya fara gajiya. Ta ɗauko sabon manaja ta danƙa masa ragama. Matashi ne mai takardu da yawa, ya yi aiki a manyan wurare. Kafin ya cika sati biyu ma'aikata sun sa masa suna Agogo, domin ba ya yi wa mutum magana sai ya fara duba tsintsiyar hannunsa.

Wata Alhamis da yamma saƙo ya shigo wayar kowa.

Daga ranar Litinin an soke aiki daga gida. Kowa zai zo ofis ƙarfe takwas, ya tashi ƙarfe biyar. An sa na'ura a ƙofa, kowa da katinsa. Kwamfuta da wayar aiki ba za su ƙara kwana a gidan kowa ba, a loka za a kulle su, wato akwatin ajiya na ofis.

Nan da nan zauren hirar ma'aikata na waya ya rikice.

Dogo, mai karɓar odar masu kiwo, shi ya fara magana. "Ni fa kar a ce na ci amanar jama'a, amma daɗi na ji. Ɗaki ɗaya nake da yara uku, ga wuta ba ta zama. Wani lokacin a banɗaki nake amsa waya don a ji abin da nake faɗa."

Aka yi ta dariya. Sai wata mai goyo da ke sashen abincin kaji ta rubuto, "Kai ka huta. Ni kuma jaririyar wata biyar, wa zan bar wa?"

Daga nan dariya ta ɗauke.

Washegari Uwar Tsaki ta roƙi maƙwabciyarta ta zauna da Baba na awa uku, ta shiga mota ta tafi ofishin manaja a saman bene.

Ta gaishe shi. Ya amsa, ya duba agogo.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba gardama na zo yi ba. Aikina ne ba ya jiran ƙarfe takwas. Motoci ƙarfe shida suke tashi. In waya da kwamfuta suna kulle a loka, wa zai amsa wa direba idan wani abu ya faru?"

Ya ce, "Ki tsara komai tun yamma kafin ki tashi. Abu ne mai sauƙi."

"Ina tsarawa. Amma taya ba ta gaya wa mutum tun yamma cewa gobe za ta fashe. Mai kiwo yakan kira da asuba ya ce hanyarsu ta yanke, a biyo ta wata."

Ya jingina da kujera. "Duba nan, Malama. Aikin da ban gani da idona ba, ni a wurina ba aiki ba ne. Na samu wani a cikinku da ya buɗe shago yana sayar da kayan waya a lokacin aiki. Wannan zaman na gida ya lalata ku."

Ta ce, "To a kira shi a yi masa magana. Ni a duba min, a shekara huɗu kwali nawa ya mutu a hannuna."

Sai ta sassauta murya ta gaya masa halin da Baba yake ciki. Ta roƙi ko da kwana biyu ne a sati ta zo ofis, sauran ta yi a gida.

Ya ce, "Kowa yana da uba. In na ɗaga miki, gobe mutum goma ne a bakin ƙofar nan."

Ta miƙe tsaye. "Na ji. Zan zo ranar Litinin. Amma ka riƙe a ranka cewa na faɗa maka."

Ranar Litinin ta zo, kamar yadda ta yi alkawari.

Mota biyu take shiga kafin ta kai. Tana barin gida duhu bai gama washewa ba, ta tsaya a bakin titi ana rububin kujera, ta zauna cikin cunkoso awa ɗaya da rabi. Ta isa, ta goga kati, ta ɗauko kwamfuta daga loka, ta zauna tana yin kiran da ya kamata a ce ta gama shi tun awa biyu da suka wuce.

Abin da ya fi ba ma'aikata haushi shi ne taron safe. Suna zaune a ƙasa, kowa da abin ji a kunne, manaja yana saman bene yana yi musu magana ta kwamfuta. Dogo ya taɓa ta ya ce a hankali, "Yaya, wai mun sha cunkoso ne don mu kalle shi a allo?"

Ta ce, "Kai ba kai ka ce daɗi ka ji ba?"

"Fankar nan nake so, ba shi ba."

A gida kuwa abubuwa suka fara taɓarɓarewa. Maƙwabciyar mutuniyar kirki ce, amma tana da nata aikin. Baba ya daina cin abinci sosai. Yakan zauna yana kallon teburin da babu kowa a kai, ya tambaya, "Ina Uwata ta je?" A gaya masa, bayan minti goma ya sake tambaya.

Duk da haka Uwar Tsaki ba ta iya sakin direbobinta ba. Ta kwafe lambobinsu da na masu motocin haya a wayarta ta kanta. Tana cikin mota a matse, jaka a cinya, tana kira. "Ka duba ruwan mota? Fanka tana juyawa? To bismillah, ka tashi."

Sati uku tana haka. Rannan Babban Direba, wani dattijo da ya fi kowa daɗewa a kamfanin, ya shigo ofis yana yi mata godiya da ƙarfi, bai san manaja yana bayansa ba.

Da yamma aka kira ta sama.

Manaja ya ce, "Wa ya ba ki izinin ajiye bayanan kamfani a wayarki?"

"Ba kowa. 'Yan tsakin ne ba su san doka ba."

"Ki goge su yanzu, a gabana."

Ta juya masa fuskar wayar don ya gani, ta goge lamba arba'in da wani abu, ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama ta ce, "Shi ke nan?"

Ya ce, "Shi ke nan."

Kwana tara bayan haka abin ya faru.

Ƙarfe shida da rabi tana cikin mota wayarta ta yi ƙara. Babban Direba ne. Injinsa ya mutu a wani dogon titi da babu ko bishiya. Fanka ta tsaya. Yana ɗauke da tsaki dubu huɗu.

Ya ce, "Na kira wayar aiki sau goma sha huɗu, ba a ɗauka. Na kira manaja sau shida, a kashe take. Uwar Tsaki, ki nemo min mota."

Ta kira lambobi biyu da ta haddace. Dukansu sun yi nisa da nasu kayan. Lambobin masu motocin haya suna cikin kwamfuta, kwamfutar tana cikin loka.

Ta sauka daga motar a tsakiyar cunkoso, ta tare babur. Ta isa ofis takwas saura ashirin. Ta goga kati, ƙofa ta ƙi buɗewa.

Maigadi ya ce, "Ki yi haƙuri, haka aka saita ta. Ba ta buɗewa sai takwas. Ni kaina ba ni da makulli."

Minti ashirin ta yi tsaye a bakin wannan ƙofa, waya a kunne. Tana jin Babban Direba yana buɗe kwalaye yana fifita su da hularsa. Tana jin kukan 'yan tsaki a bayan muryarsa, da farko kamar zai fasa wayar, daga baya yana raguwa.

Motar haya ba ta isa wurinsa ba sai goma da rabi. Fiye da rabin kayan sun mutu. Masu kiwo goma sha ɗaya da suka share ɗakunansu suka kunna fitila suna jira, suka koma gida hannu rabbana.

Washegari da hantsi manaja ya kira ta. Akwai takarda a kan teburinsa, ya tura mata tare da biro.

Ta karanta. An rubuta cewa sakacin mai tsara motoci ne ya jawo asarar, domin ba ta tanadi mota ta biyu ba tun yamma.

Ya ce, "Ki sa hannu. Gargaɗi ne kawai, ba korar ki za a yi ba. Dole in kai wa Hajiya wani bayani."

Ta ajiye biron a hankali. "Ba zan sa ba."

"Kin san da wa kike magana?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Da wanda ya kulle wayar nake magana. Ka ce in zo, na zo. Ka ce in goge lambobi, na goge. Duk abin da ka ce na yi. Amma ba zan sa hannu a kan ƙarya ba, ko da kuwa ita ce za ta riƙe min aikin nan."

Yana shirin magana wayarta ta yi ƙara. Maƙwabciya ce, tana kuka. Ta shiga gidanta ta sauke tukunya, ta dawo ta tarar da ƙofa a buɗe. Baba ba ya nan. Ta duba layin gaba da na baya, babu wanda ya gan shi.

Uwar Tsaki ta ɗauki jakarta. "Mahaifina ya ɓata. Zan tafi."

Ya duba agogo. "Yanzu sha ɗaya da kwata. Ba mu gama magana ba. In kika fita ƙofar nan, kar ki dawo."

Ta cire igiyar katin daga wuyanta, ta ajiye shi a kan takardar da ta ƙi sa wa hannu.

Ta ce, "Ka ce kowa yana da uba. To ni nawa zan je nema."

Ta sauko bene. Ma'aikata duk sun ji, domin ƙofar ofishin a buɗe take. Kafin ta kai bakin titi Dogo ya tayar da babur ɗinsa ya sha gabanta.

"Hau, Yaya."

"Za a kore ka."

"A kora. Hau."

Awa uku suna yawo. Sun duba masallacin unguwa, sun duba bakin kasuwa, sun tsaya a ƙaramin asibitin da ke kan hanya. Mijinta ya bar aji ya bi ta wani ɓangaren. Rana ta take, leɓenta ya bushe, duk tsohon da ta hango daga nesa sai ta ce Dogo ya tsaya ta duba.

Can ta ce wa Dogo, "Juya. Mu je layin teloli."

A shago na shida suka same shi. Yana zaune a kan keken wani tela da bai taɓa sani ba, ƙafafunsa duk ƙura, takalmi ɗaya babu. Yana taka keken a hankali, babu ko zare a allurar.

Mai shagon ya ce, "Shigowa ya yi ya ce in tashi, wai ba haka ake riƙe wuyan riga ba. Na ga dattijo ne, na ba shi ruwa na bar shi. Wallahi kuma gyaran da ya nuna min daidai ne."

Baba ya ɗago ya gan ta. Fuskarsa ta washe. "Uwata, ina kika shiga? Na duba teburinki ba kya nan, na ce bari in fito in nemo ki."

Ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa mara takalmi. Sai a lokacin hawaye ya zo mata.

Da yamma saƙo ya shigo. An dakatar da ita, an dakatar da Dogo.

Mijinta ya karanta ya ajiye wayar. Ya ce, "Albashina kaɗai ba zai riƙe gidan nan yadda muka saba ba, kin sani. Amma da kin sa hannu a takardar nan, da ban san da wane ido zan kalle ki ba. Za mu lallaɓa."

A ofis kuwa magana ba ta mutu ba. Washegari ma'aikata suka zo ƙarfe takwas, suka goga kati, suka yi aikinsu, amma babu wanda ya shiga taron safe. Manaja ya sauko da kansa yana tambaya. Mai goyon nan ce ta amsa masa, ita da ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Ba za mu bar kaji su mutu ba, aiki muna yi. Amma magana, da Hajiya za mu yi."

Babban Direba bai jira kowa ba. Dama ya adana kwali ɗaya na 'yan tsakin da suka mutu. Ya ɗauke shi ya tafi gidan Hajiya, ya ajiye a gabanta, ya buɗe, sannan ya miƙa mata wayarsa ta ga jerin kiran da ya yi.

Hajiya da kaji ashirin ta fara wannan sana'a a bayan ɗakinta. Ta duba kwalin, ta duba wayar.

Da safe sai ga ta a ofis da sandarta. Ta ƙi hawa bene, ta sa aka jawo mata kujera a tsakiyar ma'aikata. Ta aika mota a ɗauko Uwar Tsaki.

Direban ya dawo shi kaɗai. Ya ce, "Ta ce a gaishe ki da kyau. Ta ce ba raini ba ne, amma ba za ta sake barin tsohon ba. In ana son jin ta bakinta, a kira ta a waya."

Manaja ya ce, "Kin gani ko, Hajiya? Irin taurin kan da nake fama da shi ke nan."

Hajiya ta ce, "Kira ta. A buɗe muryar kowa ya ji."

Aka kira. Uwar Tsaki ta gaishe da Hajiya, ta faɗi abin da ya faru tun daga saƙon ranar Alhamis har zuwa minti ashirin na bakin ƙofa. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, ba ta zagi kowa ba.

A ƙarshe ta ce, "Hajiya, ba ofis muke ƙi ba. Ga Dogo nan, shi ofis ya fi masa. Abin da muka ƙi shi ne a yanke hukunci a kan aikinmu ba a tambaye mu yadda aikin yake ba. Shekara huɗu ana amsa waya da asuba a kamfanin nan, ba wanda ya taɓa tambayar wa ke amsawa. Sai da aka kulle ta aka sani."

Hajiya ta juya ga manaja. "Me za ka ce?"

Ya yi bayanin tsari da horo. Ya kawo maganar mutumin da ya buɗe shago a lokacin aiki.

Ta ce, "Wannan gaskiyarka ce, kuma shi za a hukunta. Amma mutum ɗaya ya yi laifi ka ɗaure talatin? Bar wannan ma. Kuskure kowa yana yi, ni ma na kashe kaji da hannuna saboda rashin sani. Takardar nan ce ta tsaya min a rai. Ka san ba laifinta ba ne, ka ce ta sa hannu."

Ya sunkuyar da kai.

Hajiya ta matso da wayar kusa da bakinta. "'Yata, ki koma aikinki daga gida, daga gobe."

Kowa ya zaci magana ta ƙare. Sai muryar Uwar Tsaki ta sake fitowa.

"Na gode, Hajiya, Allah ya ƙara girma. Amma in ni kaɗai ce, a bar shi. Akwai mai goyo a nan. Akwai wanda ke kai matarsa asibiti sau biyu a sati. Ni na samu bakin magana ne kawai saboda kaji sun mutu. Su nasu ba wanda ya gani. A zauna da kowa, a duba aikinsa, a duba halinsa. Wanda aikinsa ke buƙatar ofis ya zo. Kuma a mayar da Dogo."

Hajiya ta yi 'yar dariya ta ce, "Ana ba ki kina ƙara ciniki."

"A wurinki muka koya, Hajiya."

Haka aka yi. A cikin sati ɗaya aka zauna da kowane ma'aikaci. Wasu suka zaɓi ofis, wasu gida, mafi yawa suka raba kwanakin. Aka ware rana ɗaya a sati da kowa zai haɗu, ido da ido. Aka cire saitin ƙofa.

Manaja ba a kore shi ba. Hajiya ta ce zai yi wata guda yana bin motar Babban Direba, daga loda kaya da asuba har sauke kwalin ƙarshe. Kuma shi da kansa zai kai wa Uwar Tsaki kwamfutarta gida.

Ya je da yamma, yana riƙe da jakar kamar mai kai saƙon da ba ya so. Ya yi sallama, mijinta ya shigo da shi falo. Baba yana kujerarsa. Ya ƙare wa baƙon kallo daga sama har ƙasa, ya kira shi da hannu, ya kama kafaɗar kwat ɗinsa ya ja.

Ya ce, "Yaro, wa ya ɗinka maka wannan? Ta fi ƙarfin kafaɗarka. Ka kawo a rage."

Mijinta ya juya kai yana danne dariya. Manaja ya ce, "To, Baba." Ya ajiye jakar a kan tebur, ya yi ƙoƙarin cewa wani abu, maganar ta ƙi fita. Uwar Tsaki ba ta taimaka masa ba. Ta karɓa, ta ce ya gaida gida.

Watan da ya yi a mota ya canza shi, ko da yake ba gaba ɗaya ba. Yana nan da son tsari da duba lokaci. Amma Babban Direba ya ba da labarin ranar da taya ta fashe musu, manaja ya cire kwat ya hau bayan mota yana fifita kwalaye da hannu biyu, yana tambaya, "Ta ɗauka? Uwar Tsaki ta ɗauki wayar?"

Ta ɗauka. Mota ta biyu ta iso cikin minti arba'in.

Bayan wata bakwai, wata Talata da hantsi, Uwar Tsaki tana tsakiyar magana da wani mai kiwo ta ji numfashin Baba ya canza. Ta ce wa mutumin, "Zan kira ka." Ta ajiye wayar, ta zauna a ƙasa, ta ɗora kansa a cinyarta. Ta yi ta maimaita masa kalmar shahada a kunne, leɓensa yana motsi tare da nata, har ya cika.

Ma'aikata suka zo gaisuwa, manaja yana cikinsu. Da mutane suka ragu ya matso, ya durƙusa daga ɗan nesa.

Ya ce, "An ce min da safe ne, a ranar aiki."

Ta ce, "Sha ɗaya saura."

Ya ce, "Da dokata tana nan, da kina ofis. Ki yafe min."

Ta ce, "Na yafe maka tuntuni, don ba na son in riƙe kowa a raina. Amma ka sani, ranka ya daɗe, da za a mayar da ni ranar nan sau goma, sau goma zan ajiye maka katin."

Ya ce, "Na sani."

Darasi: Idan Allah ya ɗora ka a kan mutane, kar ka auna aikinsu da zaman da kake gani a kujera, kuma kar ka kafa musu doka kafin ka tambaye su yadda aikin yake da abin da suka baro a gida. Kai kuma ma'aikaci, ka yi biyayya, ka riƙe amanar aikinka, amma ranar da aka ce ka sa hannu a kan ƙarya ko ka juya wa iyayenka baya, ka ce a'a cikin ladabi, ka tsaya a kanta. In ka samu sauƙi kuma, ka nema wa na kusa da kai. Ku tura wannan labari ga abokan aikinku, musamman wanda kuka san yana da mutane a ƙarƙashinsa.